Jan Alli a Gaban Madubi

A kamfanin ɗinkin, teloli Jan Alli suke ce mata. A bayan idonta dai, don a gabanta babu mai wannan ƙarfin halin. Aikinta shi ne na ƙarshe kafin guga. Duk rigar da ta sauko daga keke sai ta biyo ta teburinta. Ta shimfiɗa ta ƙarƙashin farar fitila, ta juya ta baibai, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa, ta ja aljihu, ta gwada gidan maɓalli. In kalmasa ta karkace ko zare ya yi tsalle, sai ta zagaye wurin da jan alli, ta jefa rigar a kwandon hagu a mayar wa mai ita. In rigar lafiya lau take, ta ninke ta ajiye a dama, uffan ba ta cewa. To me za ta ce? Ba don yabo aka ɗauke ta aiki ba. Shekara da shekaru haka idonta ya saba, mai kyau a wuce shi, mai aibi a yi masa magana.

Teloli suna ganin mugunta ce. Da sun san abin da matar nan take yi wa kanta, da sun yafe mata. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ita kam nata take fara tonewa. In ta gaisa da manaja a bakin ƙofa, sai ta wuni tana juya gaisuwar, ko muryarta ta yi sama da yawa, ko dariyar da ta yi ta wuce kima. In ta yi girki, kowa yana suɗe hannu, ita tana ba da haƙuri wai gishiri ya so ya zarce. Mijinta, tsohon direban bas ne da ya ajiye aiki, ya sha gaya mata: "Maman Auta, ko bas in ta shiga tasha ana kashe ta ta huce. Wannan kan naki wane irin inji ne?"

Sai ta ce, "Kai dai ci abincinka."

Yaranta uku, maza biyu sun yi nisa da iyalansu, sai Auta, mace ɗaya tilo. Kuma Allah ya sani tana son yarinyar nan kamar ranta. Sai dai son nata irin na mai duba ɗinki ne. Auta ta kawo sakamakon makaranta, uwar ta ce ya yi kyau, amma ina lissafi? Auta ta share tsakar ɗaki, ya sharu, amma bayan ƙofa fa? Duk ranar da yarinyar za ta fita, sai uwar ta tsayar da ita a bakin ƙofa, ta ɗora hannu a kafaɗarta ta tsinke zare, ko ta daidaita wuyan riga, ko ta kaɗe wani abu da ita kaɗai take gani. A ranta cewa take, gara ni in gani kafin duniya ta gani, don duniya ba ta da alli, da dariya take zagaye aibin mutum. Ba ta taɓa lura ba cewa hannun nan nata bai taɓa sauka a kafaɗar yarinyar don wani dalili daban ba.

Auta ta girma, ta yi aure, ta yi aikin ofis na ɗan lokaci, rana ɗaya ta ajiye ta ce yoga za ta koyar. Motsa jiki ne, in ji ta, na miƙe gaɓoɓi da saita numfashi a kan 'yar tabarmar roba, mutum ya samu jikinsa ya saki, kansa ya lafa. Ta kama ɗaki a saman wani kemis, mata suna zuwa da safe. Da ta faɗa a gida, uban ya ce Allah ya sa albarka. Uwar ta yi shiru. Ba ƙi ta yi ba, neman kalmar da ta dace take, ta auna wannan ta ga ta yi kaɗan, ta auna waccan ta ga kamar daɗin baki, kafin ta zaɓa an riga an koma wata hirar. Auta ta dube ta, ta ɗauki jakarta.

Ana haka ƙugun Jan Alli ya fara ciwo. Tsayuwa a kan teburi shekaru masu yawa ba wasa ba ce. Likita ya rubuta magani ya ce amma fa sai da motsa jiki. Da Auta ta ji, a ranar ta zo gida.

"Mama, ki zo ajina," ta ce. "Babu abin da za a sa ki wanda ba za ki iya ba. Na saya miki tabarma ma, shuɗiya, tana can a jingine."

"Zan zo," in ji uwar.

Kuma wallahi da gaske take. Har ta ware kayan da za ta sa. Amma da ta sunkuya a ɗaki don ta gwada, yatsunta ko gwiwa da kyar suka wuce. Nan injin kan nata ya tashi. Uwar Malama guda, a gaban ɗaliban Malama, ta kasa taɓa ƙafarta? Me za su ce? Za su ce wadda ta kasa gyara uwarta ce za ta gyara mu? Yarinya ta bar aikin ofis, tana lallaɓa sana'arta, sannan uwarta ta zo ta zubar mata da mutunci da ƙugu kamar katako? A'a. Kayan da bai wuce dubawa ba, ba a fitar da shi kasuwa. Za ta je, amma sai ta gyaru tukuna.

Sai ta nemo bidiyo a waya. Da safe in mijin ya fita sayen burodi ya tsaya hirarsa da mai shago, sai ta tura ƙofa, ta shimfiɗa tsohon bargo gaban madubin durowar kaya, ta jingina wayar da kofi. Matar cikin bidiyon tana lanƙwasa kamar ba ƙashi a jikinta, tana murmushi. Jan Alli tana nishi, tana duba madubi. Gwiwa ta tanƙware. Kafaɗar dama ta fi ta hagu tashi. Wuya ya noƙe. Wanda ya fi ba ta wuya shi ne tsayuwar bishiya, wato ka tsaya da ƙafa ɗaya, ka ɗora tafin ɗayar a cinya, ka ɗaga hannuwa sama. Da ta ɗaga sai ta yi tangal-tangal ta dafe durowa. Ta ja tsaki, ta sake.

Ranar da mijin ya dawo da wuri ya same ta ƙafa ɗaya a sama, sai da ya ajiye burodin ya riƙe ciki.

"Ikon Allah! Zalɓe muka samu a gidan? Maman Auta, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Ka rufa min asiri, kar ka gaya wa Auta."

"Don me? Ba don waɗanda ba su iya ba ta buɗe ajin? Ni da na koyi tuƙi, ba sai da na iya na je wurin mai koyarwa ba."

"Tuƙi daban. Ka rantse ba za ka faɗa ba."

Ya rantse, don ya san in bai rantse ba ba zai sha shayinsa cikin kwanciyar hankali ba. Wannan rantsuwar kuwa ita ce babbar wautar da ya yi a tsufansa.

Da farko Auta kullum sai ta tambaya. "Mama, yaushe?" Uwar ta ce aiki ya yi yawa, ko an kawo kaya na gaggawa, ko sai sati mai zuwa. Daga baya tambayar ta koma jefi-jefi. Daga nan ta daina. In ta zo gida sai ta gaida uwar a tsaye, ta wuce wurin uban su yi ta hira ƙasa-ƙasa. Jan Alli ta lura, ba abin da ke wuce idonta. Ta ce a ranta, bari dai in iya bishiyar nan, ranar da na shiga ajin na tsaya cak, duk za ta gane. Watanni suka shige, yatsunta sun kai idon sawu, amma a ganinta bayan bai miƙe yadda ya kamata ba.

Wata ranar Alhamis ta dawo daga aiki ta tarar da mijin zaune bai kunna rediyo ba.

"An yi wa mijin Auta canjin wurin aiki," ya ce. "Nesa ne, ba tafiyar yini ɗaya ba. Jibi da safe za ta yi ajinta na ƙarshe, daga can za su kama hanya. Kaya ma sun riga sun yi gaba."

"Jibi? Ni ba ta gaya min ba."

"Ni ta gaya wa, ta ce in gaya miki." Ya dube ta, babu wasa a fuskarsa wannan karon. "Ta ce tabarmar nan tana nan a jingine, har ɗalibai sun gaji sun daina tambayar ta wace ce. Na riƙe miki rantsuwa, yarinya tana kuka a gabana ina kallonta kamar gunki. In jibi ba ki je ba, ni zan je in hau tabarmar, kowa ya huta."

Ta je. Ta sauya kaya sau uku kafin ta fito, amma ta je.

Matakalar tana gefen kemis ɗin, ƙunci gare ta, warin magani yana bin mutum har sama. Ɗakin dogo ne, fanka biyu a rufi, taga a buɗe, bango ɗaya kuma madubi ne tun daga wannan kusurwa har waccan. Mata sun fi goma suna shimfiɗa tabarmi suna surutu. Akwai wata tsohuwar nas mai furfura, akwai 'yan mata biyu da ke ta ƙus-ƙus, akwai wata ƙatuwar mata mai sayar da yadi a kasuwa, wadda dariyarta ta riga ta shiga ko'ina. Auta tana durƙushe tana gyara igiyar fanka ta ƙasa. Da ta ɗago ta ga wadda ke bakin ƙofa, sai ta miƙe a hankali.

"Mama."

"Na zo," in ji Jan Alli.

"Jama'a, ga mahaifiyata," in ji Auta.

"Ayyiriri! Mai shuɗiyar tabarma ta bayyana!" in ji mai yadi. "Mama, mun ɗauka aljana aka saya wa!"

Aka yi dariya. Auta ta ɗauko tabarmar daga kusurwa, ta goge ƙurar da tafin hannunta. Uwa ai ba a ajiye ta a baya kamar baƙuwa, don haka ta shimfiɗa mata a sahun gaba, tsakiya, daura da inda ita take tsayawa. Sannan ta je ta tsaya a wurinta, ta ba madubi baya, ta fuskanci aji.

Aka fara da numfashi, aka ɗaga hannu, aka sunkuya. Jan Alli ta ɗago kai, sai ga ta a madubi, ta saman kafaɗar 'yarta, cikakkiya tun daga kai har ƙafa. Madubin gida ƙarami ne, yana rufa wa mutum rabin asiri. Wannan kuwa ba ya rufa komai. Kai! Ashe haka cikinta ya fito? Ashe haka kafaɗar take a karkace? Wandon ma da ta zaɓa bayan sauyi uku ya ɗage a ƙafa ɗaya. Ta haɗe gira, ta gyara tsayuwa. Ta ƙara duba, ba ta gyaru ba. Ta girgiza kai.

"Ku miƙa hannun dama," in ji Auta. "A'a, hagu. Ku yi haƙuri, dama dai."

'Yan matan suka dubi juna. Malama ba ta saba rikicewa ba. Jan Alli ta ji rikicewar. Shi ke nan, abin da take gudu ya faru, yarinya ta ga yadda uwarta ke shirme a gaban mutane har kunya ta ɗaure mata harshe. Ta ƙara tsare hoton nata da ido, tana zaginsa a zuci: miƙe bayan nan mana, tsohuwar banza, wata nawa kina abu ɗaya!

Aka zo tsayuwar bishiya. Mai yadi ta ɗaga ƙafa, ta yi taga-taga, ta zube a kan tabarma tim, ta fashe da dariya tana cewa bishiyarta gwanda ce, ba ta jure iska. Auta ta ce, "Ba komai, kin faɗi da kyau, tashi mu sake." Jan Alli kuwa ta tsaya cak. Ƙafa ɗaya, hannuwa a sama, ko gezau. Abin da ta kwashe watanni tana nema ke nan, ya kuma samu. Amma da ta duba madubi sai ta ga gwiwar da ta ɗaga ba ta buɗe sosai ba, ta matar bidiyo ta fi haka buɗewa. Kafin ta ankara, tsaki ya kuɓuce mata, dogo, irin wanda take ja in ta ga aljihu a karkace.

Ɗakin ya yi tsit. Auta, wadda take tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa ta, ta yi baya, ƙafarta ta sauka ƙasa, har sai da ta dafa madubin.

Ta ɗan tsaya tana kallon ƙasa. Sannan ta ce, "Kowa ya kwanta a bayansa. Ku rufe ido." Mata suka kwanta. Ta tako zuwa wurin uwar, ta sunkuya kamar mai gyara tabarma, ta yi magana yadda ba mai ji sai su biyu.

"Don girman Allah, Mama, ki bar ni in gama. Na ƙarshe ne. Ki rufe idon nan ko sau ɗaya."

Jan Alli ba ta gane ba. Me ta yi? Amma ta rufe.

Cikin duhun idonta injin ya ci gaba da aiki. Ta ɓata wa yarinya aji. Da ba ta zo ba. Da ta zo tun farko. Da wani wandon ta sa. Ƙugun ma ya fara suka, don kwanciya a miƙe ba ta yi masa daɗi. Sai ta ji an ɗaga gwiwoyinta a hankali, an tura tawul naɗaɗɗe a ƙarƙashinsu, an sauke. Ciwon ya saki nan take. Duk watannin da ta yi da matar bidiyo, ba wanda ya gaya mata ɗan tawul kawai ƙugun yake so. Hannun Auta ya bar ta, ta ji takun ƙafar ya wuce wurin tsohuwar nas.

"Ba gyara kuka zo yi ba," muryar Auta take cewa, ta dawo daidai yanzu, a natse. "Jikin da kuka zo da shi, shi ne na yau. Tunani zai zo, dole ne. Kar ku yi dambe da shi, kar kuma ku ba shi kujera. Ku bar shi ya yi surutunsa a bakin ƙofa, ku ku koma wurin numfashinku."

Jan Alli ta saurara. Ba ta taɓa jin muryar 'yarta ba tare da tana kallon wuyan rigarta ba. Ashe haka take da daɗi? Ashe yarinyar ta san wace ce ke da ciwon gwiwa, wace ce ba ta yi barci ba, wa za a taɓa, wa za a ƙyale? Mata goma sha wani abu, har da mai yadi sarkin surutu, sun yi luf a hannunta. Tunani ya zo ya ce, kin makara. Ta ce masa to, na ji. Ta ja numfashi, ta sake shi. Ya sake zuwa, ta sake ce masa to. Na ɗan wani lokaci, ba mai tsawo ba, babu riga a kan teburi, babu alli a hannunta. Hawaye ya gangara ya shige mata kunne, ba ta share ba.

Da aka tashi, mata suka yi ta rungumar Auta suna koke-koke da addu'a. Mai yadi ta naɗe tabarmarta ta zo ta dafa Jan Alli.

"Mama, ke kam gwana ce, kin fi mu duka. Amma fa kin tsare mana Malama da ido yau! Irin wannan harara kamar za ki cinye ta ɗanya? Da ni aka yi wa tsakin nan, da tuni na gudu gida." Ta yi dariyarta, ta sauka.

Harara? Malama? Jan Alli ta tsaya sororo. Sai ta taka a hankali zuwa wurin da Auta ke tsayawa, ta juya ta ba madubin baya, ta dubi shuɗiyar tabarma. Ga ta nan, ƙiri-ƙiri, taku biyu tsakani. Duk wanda ya tsaya a kanta ya dubi kansa a madubi, idonsa a fuskar mai koyarwa zai sauka. Haɗe girar, girgiza kan, tsakin, duk a fuskar Auta suka sauka. Kuma ba yau kaɗai ta tuna ba. Sau nawa tana tsaye a kicin tana cin kanta kan wata magana da ta faɗa a wurin aiki, yarinya ta shigo da murna, ta tarar da wannan fuskar, ta juya sumui-sumui?

Ɗakin ya rage su biyu. Auta tana tattara tawul tana cusawa a jaka, ba ta ɗago ba.

"Auta, ba ke nake kallo ba."

"Mama, bar shi. Na san fuskar nan tun ban iya ɗaura ɗankwali ba."

"Wallahi kaina nake harara. A madubi. Gwiwata ce ba ta buɗe ba." Maganar tana fita a hargitse, ba ta tsaya ta daidaita ta ba. "Tun ranar da kika ce in zo nake koya a gida, da waya. Babanki ya sani, ni na sa shi ya rantse. Na ce kar in zo in ba ki kunya a gaban ɗalibanki, sai na iya tukuna."

Auta ta saki jakar. Ta dubi uwar, ta dubi tabarmar, sai ta yi wata 'yar dariya mara daɗin ji.

"Wato duk watannin nan kina gida kina duba kanki. Ni kuma ina nan kullum ina goge tabarma, ina cewa sana'ar tawa ce ba ta kai ki tako ba."

"Ban san haka kika ɗauka ba."

"To yaya zan ɗauka? Shiru kika yi ranar da na faɗa miki. A wurinki na koyi cewa in abu ya yi kyau shiru ake yi, in bai yi ba ma wani lokacin shirun ne. Ni ta ina zan bambance?" Ta share ido da bayan hannu. "Kin san abin da ya kai ni yoga tun farko? A ofis ko wasiƙa na rubuta sai na karanta ta har in rasa me take cewa. Ba na barci. Murya ce a kaina, kullum tana cewa ya yi, amma. Muryarki ce, Mama. Na shiga wannan abin ne don in kashe ta."

"Ta mutu?"

"Ina fa. Na dai koyi barinta a bakin ƙofa. Yau kuma sai ga ta a sahun gaba."

Daga ƙasa aka danna hon. Mijin Auta ne ya iso da mota.

Injin Jan Alli ya tashi gadan-gadan. Faɗi wani abu. A'a, ba a fafe gora ranar tafiya, za ta ce don za ta tafi ne. In kin yaba za ta ce daɗin baki. In kin ba da haƙuri ya yi kaɗan. Bari sai ta isa, ki tsara magana mai kyau ki kira ta a waya. Ta san wannan hanyar sarai, ita ta biyo har ta kawo ta nan. Ta ce wa muryar to, na ji. Sannan ta buɗe baki da abin da ke ciki, ko gugarsa ba ta yi ba.

"Kin iya, Auta. Aikinki ya yi kyau. Tawul ɗin nan da kika sa min, ƙuguna ya saki. Kin iya ƙwarai."

Auta ta tsaya, jaka a hannu, ta ɗan karkata kai. Jira take. Jan Alli ta ga jiran, ta kuma san me ake jira.

"Amma?" in ji Auta.

"Babu amma."

"Faɗi kawai, Mama, na saba. Na rikita dama da hagu, na sani."

"Na ce babu."

Auta ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ake yi wa babba don kar a ja magana. "To. Na gode." Aka sake danna hon. "Ki tafi da tabarmar, taki ce. Wata za ta karɓi ajin, tana da kirki. Ki riƙa zuwa, ki ce ta sa ki a baya inda ba madubi. Zan tsaya in yi wa Baba sallama a hanya."

Suka fito tare zuwa bakin matakala. Wurin ba ya ɗaukar mutum biyu a jere, Auta ce a gaba. Jan Alli ta dubi bayan wuyanta, wuyan da ta sha wankewa. Ba ta yi shawara da kowa ba, ba ta auna ba. Ta miƙa hannu ta ɗora a kafaɗar 'yarta, ta bar shi a nan, don kawai ta ji ɗuminta kafin ta tafi.

Auta ta tsaya cak. Ta juya kai ta dubi kafaɗar.

"Zare ne?"

"A'a."

"Ko tabo? Da safe na goge ta fa." Ta zame daga ƙarƙashin hannun, ta ja rigar gaba tana dubawa, ta kaɗe wurin da yatsu.

"Auta, babu komai a jiki. Taɓa ki kawai na yi."

"To," in ji Auta. "Sai mun yi waya, Mama."

Ta fara sauka. Jan Alli ta tsaya a sama, shuɗiyar tabarma a hammata, hannunta bai gama komawa ba. Tana kallo, a tsakiyar matakala Auta ta sauya wa jakar hannu, ta sake kai yatsu kafaɗarta ta kaɗe.

"Wallahi babu zare!" ta ɗaga murya, har mai kemis ya leƙo.

Auta ta ɗaga mata hannu ba tare da ta juyo ba. Da ta kai ƙofar ƙasa inda haske ya fi yawa, sai ta tsaya, ta murɗa wuya, ta ja kafaɗar rigar zuwa ga hasken, tana nema.